Yadda Ake Zaɓar Baƙin Mai Da Filta Don Motar A-Kori-Kura

A ƙauye, motar a-kori-kura ita ce jakin zamani. Ita ke kwaso dawa da gero daga gona. Ita ke kai buhunan masara da kwandunan tumatir kasuwa. Ita ke kawo taki kafin shuka. Idan haihuwa ta zo wa mace da gardama cikin dare, ita ake tayarwa zuwa asibiti. Saboda haka ranar da injinta ya buga, mutane da yawa ne ke shan wahala. Mai mota ya shiga bashi, direba ya rasa na cefane, yaron mota ya zauna, kayan gwari su ruɓe a bakin hanya.

Abubuwa biyu ne suka fi tsare inji daga bugawa. Su ne baƙin mai da matacinsa, wanda kanikawa ke kira filta. Kuɗinsu kaɗan ne idan aka gwada da kuɗin sauke inji. Amma wajen sayensu ne mutane ke yawan kuskure. Wani yakan tsoma yatsa cikin mai ya murza, in ya ji kauri ya ce mai kyau ne. Wani yakan duba launi. Wani kuwa araha kawai yake bi.

Yatsa ba ya gane mai, ido ma haka. Abin da ke faɗin irin mai shi ne rubutun da ke jikin galan. Haruffa ne kaɗan da lambobi kaɗan. Duk wanda ya san baƙaƙe da lambobi zai iya karanta su, ko da ba ya jin Turanci.

Aikin Baƙin Mai A Cikin Inji

A cikin inji ƙarfe ne ke gudu a kan ƙarfe. Fistin yana hawa yana sauka a cikin silinda. Karanshaf yana juyawa sau dubu biyu ko uku a minti ɗaya idan mota tana tafiya. Tsakanin ƙarafan nan akwai ɗan sarari wanda bai wuce kaurin silin gashi ba. Baƙin mai ne ke cika wannan sarari, ya hana ƙarfe taɓa ɗan'uwansa.

Man yana kwance ne a wani kwano a ƙasan inji. Da an tayar da mota, sai famfo ya zuƙo shi, ya tura shi cikin filta. Daga filta ya bi ƙananan hanyoyi zuwa kowane lungu na inji, sannan ya gangaro ya koma kwanon. Haka yake zagayawa kamar jini a jikin mutum.

A cikin wannan zagaye yana yin ayyuka biyar:

1. Yana sa santsi, don kada ƙarafa su cinye juna.
2. Yana kwashe zafi daga wuraren da ruwan lagireto ba ya kaiwa.
3. Yana wanke dauɗa da kunkunniya, ya kai su filta.
4. Yana toshe tsakanin ringi da silinda, don kada ƙarfin inji ya zurare.
5. Yana hana tsatsa.

Abin Da Ke Cikin Galan

Baƙin mai haɗi ne na abu biyu. Mafi yawansa zallan mai ne da aka tace. Sauran kuwa magunguna ne da kamfani ke zubawa. Akwai maganin wanke dauɗa, da na hana ƙarfe cinyewa, da na hana kumfa, da na hana tsatsa. Waɗannan magunguna su ne masu tsada, kuma ba a ganinsu da ido. Zallan mai da babu su kamar ruwan miya ne ba kayan haɗi.

Akwai man da aka tace kai tsaye daga ɗanyen mai. A jikinsa akan rubuta Mineral. Shi ya fi sauƙin kuɗi. Akwai kuma wanda aka ƙara sarrafawa ƙwarai a masana'anta. A jikinsa akan rubuta Synthetic. Ya fi jure zafi, ya fi daɗewa, ya fi tsada. Sababbin injuna da masu turbo sun fi son na biyun. Tsohuwar mota kuwa na farkon ya wadatar da ita, muddin mai kyau ne kuma ana yin juye a kan lokaci.

Rubutu Na Farko: Lambar Kauri

A gaban kowane galan akwai haruffa uku, SAE, sai lamba ta biyo. SAE sunan wata ƙungiyar injiniyoyin mota ce ta ƙasar Amurka, wadda aka kafa a 1905. Ita ta tsara lambobin da ke nuna kaurin mai, duniya kuma ta bi.

Kowa ya san halin man shanu. Da sanyin hunturu yakan daskare, da zafin bazara ya narke. Baƙin mai ma haka yake. Yana yin kauri da sanyi, ya tsinke da zafi. Matsalar ita ce inji yana bukatar man da zai gudu da sauri da asuba, kuma ba zai tsinke da rana tsaka ba.

Wani galan lamba ɗaya ce a jikinsa, kamar SAE 40. Wannan tsohon yayi ne. Wani kuma lamba biyu ce da harafin W a tsakani, kamar 20W-50, ko 15W-40, ko 5W-30. Ga yadda ake karanta su:

Lambar da ke kafin W tana nuna gudun mai lokacin da inji ke da sanyi. Idan lambar ƙarama ce, man ya fi saurin gudu. Wato 5W ya fi 20W saurin kaiwa saman inji da safe. Harafin W shi ne farkon kalmar lokacin sanyi a Turanci.

Lambar da ke bayan W tana nuna kaurin mai idan inji ya ɗauki zafi. Ana auna ta ne a zafin digiri 100, wato zafin tafasar ruwa. Idan lambar babba ce, man ya fi kauri. Wato 50 ya fi 30 kauri.

Mai lamba biyu ya fi mai lamba ɗaya amfani. Dalili shi ne inji yana cinyewa ƙwarai a daidai lokacin da aka tayar da shi, kafin mai ya kai ko'ina.

Amma a lura da abu ɗaya. Lambar kauri ba ta nuna kyawun mai. Kamar lambar takalmi ce. Takalmi mai lamba 44 bai fi mai lamba 40 kyau ba, kowanne da ƙafar da ya yi wa daidai.

Wace Mota, Wane Kauri?

Motocin a-kori-kura da ke bin hanyoyin karkara iri-iri ne. Akwai tsofaffin Peugeot 404 da 504, waɗanda kamfanin Kaduna da ya fara aiki a 1975 ya cika ƙasa da su. An daɗe da daina haɗa su, amma wasu na nan suna lodi. Akwai Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968, da Mitsubishi L200, da sauransu. Wasu na shan fetur, wasu na shan dizal, wanda ake kira gas.

Tsofaffin injunan fetur irin na 404 da 504 sun fi dacewa da mai mai kauri kamar 20W-50. Hanyoyin man da ke cikinsu masu faɗi ne, kuma shekaru sun ƙara buɗe tsakanin ƙarafansu. Idan aka zuba musu tsinkakken mai, sai ƙarfin turin mai ya ragu, mota ta riƙa shan mai tana hayaƙi.

Injunan dizal na da, da yawansu 15W-40 suke sha.

Sababbin injuna kuwa an ƙera su a matse. Hanyoyin man da ke cikinsu sirara ne. Da yawa suna son 5W-30 ko 10W-30, wasu ma 0W-20. Idan aka zuba musu mai kauri don ana ganin ƙasar akwai zafi, man zai makara wajen kaiwa inda ake bukatarsa. Mota ta ƙara shan fetur, ƙananan hanyoyi su riƙa toshewa.

Wanda ya ƙera inji shi ya fi kowa sanin abin da ya dace da shi. Ya rubuta lambar a littafin mota. A wasu motoci an rubuta ta a kan murfin da ake zuba mai. Wanda ya sayi motar hannu ba littafi, sai ya kwafi sunan motar da shekararta da lambar injinta a takarda. Ya kai wa dillalin kamfanin ko ƙwararren bakanike, ko ya sa a duba masa a intanet. Matambayi ba ya ɓata.

A kuma san yawan man da inji ke ci. Injin fetur na 504 kimanin lita 4 ne. Hilux mai fetur ta zamanin nan tsakanin lita 5 da 6 ce. Mai dizal kuwa kimanin lita 7. Shi ma galan iri biyu ne, akwai mai lita 4, akwai mai lita 5. An rubuta a jikinsa.

Rubutu Na Biyu: Haruffan Inganci

A gaba ko a bayan galan akwai wasu haruffa uku, API. Sunan cibiyar harkar man fetur ce ta Amurka, wadda aka kafa a 1919. Haruffan da ke bin API su ne ke nuna ƙarfin magungunan da ke cikin man, da irin injin da aka yi shi dominsa.

Idan harafin farko S ne, man na injin fetur ne. Idan C ne, na injin dizal ne.

Harafi na biyu yana nuna zamanin man. Yana tafiya ne bisa jerin baƙaƙe, na baya ya fi na gaba ƙarfi. A ɓangaren fetur, SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. A ɓangaren dizal, CH-4 ya fito a 1998, CI-4 a 2002, CJ-4 a 2006, CK-4 a 2016.

Ga dokar da za a riƙe. Sabon harafi yana iya maye gurbin tsoho, tsoho ba ya maye gurbin sabo. Motar da littafinta ya ce SL za ta iya shan SN. Wadda littafinta ya ce SN kada a ba ta SL. Galan mai ɗauke da SA ko SB kuwa a bar shi inda aka gan shi. Na injunan zamanin da can ne, kusan babu magani a cikinsa.

Wani galan yana ɗauke da biyun, kamar CI-4/SL. Irin wannan ya yi wa dizal, ya yi wa fetur. Amma man da ke da S kaɗai kada a zuba shi a injin dizal. Dizal yana tara kunkunniya da yawa, man fetur ba shi da ƙarfin ɗaukarta. Wasu sababbin motocin dizal kuma suna da matacin hayaƙi a salansa. Waɗannan suna da man da aka keɓe musu, sai a bi littafi sau da ƙafa.

Akwai man da ba na inji ba ne sam. Mai lamba 80W-90 ko 85W-140, da haruffan GL, man giya ne. Mai ɗauke da ATF na giya mai canza kanta ne. Mai ɗauke da 2T na ƙananan injuna ne da ake gauraya musu mai da fetur. Kada ko ɗaya ya shiga injin mota.

Hattara Da Man Jabu

Rubutu yana amfani ne idan abin da ke ciki shi ne abin da aka rubuta. Akwai marasa tsoron Allah da ke algus. Wasu na sayar da zallan mai ba magani. Wasu na tace tsohon man da aka juye, su rina shi. Wasu na tara galan-galan da aka zubar, su cika da nasu, su like. Irin wannan mai ba ya kashe inji rana ɗaya. A hankali yake cinsa, sai ranar da aka yi lodi aka kama hanya.

Ga hanyoyin kauce masa:

A saya a gidan mai ko wajen dillalin da aka sani, mai shago tsayayye. A karɓi rasit a adana.

A guji man da ake aunawa daga duro ko a kwalabe a bakin titi. Ba shi da suna, ba shi da lamba, ba wanda za a kama.

A duba murfi. Zoben robar da ke ƙasansa ya kasance bai tsinke ba. Idan akwai takardar da aka like bakin galan, ta kasance lafiya.

A duba rubutu. Ya fito tar, ba dishi-dishi ba. A ga sunan kamfani da adireshinsa da ranar da aka yi man.

A nemi alamar Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, wato SON. Kayan da aka yi a Nijeriya kuma hukumar ta amince da su suna ɗauke da tambarin MANCAP. Wanda aka cuta yana iya kai ƙara ofishin hukumar da galan da rasit.

Sabon mai garau yake, ba ya warin ƙuna, ba laka a gindinsa. Idan kuma farashi ya faɗi ƙasa da na kowa ƙwarai, to a yi tunani. Araha ba ta ado.

Filta Da Abin Da Ke Cikinta

Filta gwangwani ce, amma aikin yana ciki. Akwai takarda ta musamman da aka nannaɗe lanƙwasa-lanƙwasa. Mai yana ratsa ta, ita kuma ta tare ƙura da ɓurɓushin ƙarfe, kamar yadda rariya ke tare tsaki.

Bayan takarda, filta mai kyau tana da ƙananan ƙofofi biyu. Ta farko ƙofar ko-ta-kwana ce. Idan takarda ta toshe, ƙofar takan buɗe don mai ya wuce, gudun kada inji ya bushe. Amma man da ke wucewa a lokacin ba tatacce ba ne. Shi ya sa mota mai toshasshiyar filta takan ci gaba da tafiya ba wanda ya sani, alhali dauɗa na zagaya injinta. Ƙofa ta biyu ta roba ce. Ita ke hana mai zurarewa daga filta idan an kashe mota, don da safe ya kai sama da wuri.

Filtar jabu daga waje kamar ta gaske take. A ciki kuwa takardar kaɗan ce, mai saurin yagewa, ƙofofin ba su aiki. Idan mota na yin ƙarar kaf-kaf na ɗan lokaci duk safiya bayan an sa sabuwar filta, ko jar fitilar mai na jinkirin mutuwa, a tuhumi filtar.

Kowace filta tana da lamba a jikinta da jikin kwalinta. Da lambar ake saye. Filta biyu na iya zama girma ɗaya, amma zaren bakinsu ko faɗin robarsu ya bambanta. Wadda ba ta dace ba tana iya ɗauruwa, sai an hau hanya ta saki, mai ya tsiyaye cikin minti kaɗan. Kama da wane ba ta wane. A kwafi lambar da littafi ya faɗa, ko a tafi shago da tsohuwar filtar idan an tabbata ita ce daidai.

Kafin a biya, a duba zaren bakin ya fito sumul, ba tsatsa, ba ɓurɓushi. Robar bakin ta zauna daram. Gwangwanin bai lotsa ba. A girgiza, kada a ji wani abu na kaɗawa a ciki. Wasu sababbin motoci takardar kaɗai ake canzawa, gidan yana nan. A irinsu a tabbata an canza har zoben robar da ya zo cikin kwali.

Ba a wanke filta da fetur a mayar. Duk lokacin da aka yi juye, a sa sabuwa. Zuba sabon mai ta tsohuwar filta kamar zuba ruwa mai kyau ne a tulun da ba a wanke ba.

Akwai kuma matacin iska. Idan ya yage ko bai zauna daidai ba, ƙurar hanyar burji za ta shiga inji ta gauraya da mai. A riƙa duba shi, musamman lokacin hunturu.

Yaushe Ake Juye?

Masu ƙera motoci sukan ba da wa'adi iri biyu. Akwai na motar da ke bin kwalta ba kaya. Akwai na motar da ke aikin wahala, wato ƙura da lodi da zafi da gajerun tafiye-tafiye. Motar ƙauye tana cikin kashi na biyu. Ga irinta, wa'adin da aka fi bayarwa shi ne kilomita 5,000 ko wata 6, duk wanda ya riga zuwa. Ko mota na ajiye, mai yana lalacewa.

Motoci da yawa agogon kilomitarsu ya mutu. To sai a yi lissafi. Misali, daga ƙauye zuwa kasuwa kilomita 50 ne. Zuwa da dawowa 100 ke nan. Idan mota na zuwa sau 4 a mako, ta yi 400. A mako 12 ta yi 4,800, wato juye ya zo cikin wata 3. Idan da kaka kullum take zuwa, 700 ke nan a mako. A mako 7 ta yi 4,900.

Yana da kyau a ajiye ɗan littafi a cikin mota. A rubuta ranar juye, da lambar kilomita, da sunan mai, da lambobinsa, da lambar filta, da shagon da aka saya. A kuma yi juye kafin kaka ta kama. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar Juye

Mai mota ko direba ya tsaya a kan aikin. Ya ga an buɗe galan a gabansa.

A ajiye mota a wuri mai daidai. A bar inji ya ɗan yi ɗumi, don man ya fita da dauɗarsa. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A kwance notin ƙasa, a tara bokiti, a jira man ya tsiyaye sarai.

Idan an cire tsohuwar filta, a duba ko robarta ta maƙale a jikin inji. Roba biyu a haɗe yoyo ne babba. A shafa ɗan sabon mai a robar sabuwar filta. A ɗaura da hannu. Idan roba ta taɓa inji, a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na juyi ɗaya. Ba a matse ta da sifana.

A mayar da noti, a zuba mai, a tayar da inji ba tare da taka totur ba. Jar fitila ta mutu cikin daƙiƙa kaɗan. A leƙa ƙasa a duba yoyo. A kashe, a jira minti 5, sannan a auna.

Sandar awon mai, wato geji, tana da zane biyu. Na ƙasa akan rubuta masa MIN ko L, na sama MAX ko F. A zaro, a goge da tsumma mai tsabta, a mayar, a sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin zanen biyu, kusa da na sama. A injuna da yawa tsakaninsu kamar lita 1 ne. Cikawa fiye da kima ma ɓarna ce, don man yakan yi kumfa ya fasa robobi. Direban kirki yana auna mai kowace safiya kafin ya tayar da mota.

Alamomin Da Ba A Wasa Da Su

Idan jar fitila mai siffar 'yar buta ta kama ana cikin tafiya, a sauka gefen hanya a kashe inji nan take. Tana nufin mai ba ya zagayawa. Tafiyar minti kaɗan a haka ta isa ta buga inji.

Idan mai ya koma kamar shayi da madara, ruwa ne ya shiga. A kira bakanike.

Idan mai na ƙaruwa da kansa kuma yana warin fetur ko dizal, man sha ne ke zurarewa cikinsa.

Idan salansa na fitar da hayaƙi shuɗi-shuɗi, inji na ƙona mai. Ƙara masa mai kauri ɓoye ciwo ne, gyara yake so.

Baƙin launi kaɗai ba laifi ba ne. A injin dizal sabon mai yakan yi baƙi cikin kwana kaɗan, don yana aikinsa na wanki.

Tsohon Mai Guba Ne

Man da aka juye yana ɗauke da guba. Kada a zubar da shi kusa da rijiya ko rafi ko gona. Kaɗan ya isa ya ɓata ruwan unguwa. Kada a shafa shi a ciwon mutum ko na dabba. Yawan taɓa shi yana cutar da fata, don haka a wanke hannu da sabulu. A tara shi a jarka mai murfi, nesa da yara. Galan ɗin da ya ƙare kada a zuba masa ruwan sha ko man gyaɗa. A huda shi, don kada ya faɗa hannun masu algus.

Abubuwan Tunawa

Kafin a miƙa kuɗi, a karanta abu uku. Lambar SAE ta yi daidai da ta littafin mota. Haruffan API su dace da injin, S na fetur, C na dizal. Lambar filta ta zama tata. Bayan haka a duba murfi, a karɓi rasit, a rubuta ranar juye. Karatun nan bai fi na minti biyu ba, amma yana iya ƙara wa inji shekaru. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa a kwashe amfanin gona lafiya.